Fim ɗin Chanis, Awara da Farin Magi: Muhawarar Baƙin Gabas a Kano

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da ma rumfunan cajin waya na cikin unguwanni, kwamfutar mai tura fina-finai a rabe take gida-gida. Ga na Hausa, ga na Indiya, ga na Turkiyya, sai kuma gidan Chanis da na Koriya, waɗanda kullum ƙara cika suke yi. Yarinya za ta miƙo memori da 'yan canjinta ta ce a zuba mata na gidan sarauta, amma mai fassara. Saurayi kuma na faɗa yake so, wanda bos ba ya mutuwa da wuri. Taku kaɗan daga rumfar mai awara ta ɗora kasko, mai shayi yana fasa ƙwai a kan indomi, kuma da wuya a rasa ƙullin farin magi a cikin kayan haɗinsa. Da fim ɗin da awarar da taliyar da magin, duk tushensu gabashin Asiya ne, ko da masu ci da masu kallo ba su damu da sanin haka ba.

A kan wannan baƙunta ake ja-in-ja. Wasu iyaye da malamai da 'yan Kannywood suna ganin an buɗe ƙofa an tafi barci. Wasu kuma, musamman matasa da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Guangzhou, suna ganin Bahaushe bai taɓa asara ba don ya karɓi baƙo. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta fi ƙarfin a yi watsi da ita.

Masu maraba sukan fara da tarihi, kuma tarihin yana bayansu. Tun 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, wasu suka biyo baya irin su Palace da Plaza da El Dorado da Orion da Marhaba. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a kan sinimomin Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a mako ana nuna fim ɗin Indiya dare biyar, na Amurka dare ɗaya, na Chanis dare ɗaya. Wannan dare ɗaya ya yi aiki. Bruce Lee ya rasu a 1973 yana da shekara 32, a shekarar da Enter the Dragon ya fito, amma sunansa ya daɗe yana yawo a bakin yaran Fagge da Sabon Gari. Jackie Chan ya zo da Drunken Master a 1978, Jet Li ya biyo da Shaolin Temple a 1982. Yara suka riƙa ɗaure sanduna biyu da sarƙa, suna tsalle suna ihu a kan yashin gini. Waɗannan yaran su ne dattawan yau, da yawansu alhazai ne masu jikoki, kuma ba a ji sun bar salla don sun kalli sufayen Shaolin ba. Damben gargajiya bai mutu ba, kokawar Nijar ma tana nan tana cika fili kowace shekara ana neman takobi. Abin da aka samu ƙari ne: kulob-kulob na karate da taekwondo, har ɗan Nijar Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ɗauko azurfa a taekwondo a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017 a garin Muju na Koriya ta Kudu, ƙasar da wasan ya fito.

Hujjarsu ta biyu ita ce abin da ke cikin fina-finan da kansu. Wanda ya kalli Jewel in the Palace, wanda aka fara nunawa a Koriya a 2003, labarin yarinyar da ta taso a madafar fada har ta zama likitar sarki, zai ga abubuwan da bai buƙatar a yi masa bayaninsu. Yaro ba ya haɗa ido da babba. Ba a miƙa wa dattijo abu da hannu ɗaya. Ana rusunawa a gaida na gaba, uwar sarki tana da faɗa a ji, matan fada suna ƙulla wa juna tuggu irin na kishiyoyi, fadawa suna kai gulma suna kawowa. Jumong, mai kashi 81, labarin ɗan sarki ne da 'yan uba suka tsana, ya sha wuya, ya kafa daularsa. Bahaushen da ya tashi da labarin sarauta da gaba tsakanin 'yan uba yana shiga irin wannan labari kai tsaye. Soyayyar ma a hankali take tafiya, ana iya cin kashi goma jarumi bai riƙe hannun jaruma ba. Masu maraba suna cewa idan dai yaro sai ya kalli wani abu, gara wanda ake jin kunya a cikinsa da na Amurka da ake tuɓewa tun kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa. Dalilin da ya sa fim ɗin Indiya ya samu gindin zama a ƙasar Hausa ke nan tun farko.

A fagen abinci ne hujjar masu maraba ta fi nauyi, domin a nan ba a ma ganin baƙon a matsayin baƙo. Awara ita ce babbar shaida. Cukwin waken suya abincin Sinawa ne tun ƙarnoni masu yawa, daga can ya shiga Japan da Koriya. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aikin yaɗa cin waken suya a Najeriya, kuma cikin masu aikin har da wani masanin sarrafa abinci daga Japan da ya nemi hanyar daskarar da madarar waken da abin da ake samu a gida. Matan Arewa suka karɓe ta suka mai da ita tasu. A jiƙa wake, a kai niƙa, a tace, a ɗora a wuta, idan ya tafasa a zuba ruwan tsami na kamu ko na tsamiya, sai madarar ta tsinke ta taso sama dunƙule-dunƙule. A kwashe a ƙyalle, a sa attaruhu da albasa, a ɗora dutse ruwan ya tsane, a yanka a soya, a ci da yaji da kabeji. A lokacin da nama ya gagari talaka, awara ce ke kai wa ɗan makaranta da almajiri da lebura abin gina jiki da kuɗi kaɗan, kuma ita ce jarin dubban matan aure da ke sana'a daga cikin gida. Babu wanda zai tsaya yau ya ce a hana awara don ba kakanninmu suka ƙirƙiro ta ba.

Haka shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadez da Damagaram da Maraɗi, a sha na fari da na biyu da na uku, koren ganyensa daga Sin yake zuwa. Taliyar da ake dafawa cikin minti kaɗan kuwa wani ɗan kasuwa a Japan, Momofuku Ando, ya ƙirƙiro ta a 1958, ko da yake Indomie da ta mamaye Najeriya ta Indunusiya ce.

Masu adawa ba su musa wannan tarihi ba. Abin da suke cewa shi ne zamanin ya canza, kuma wanda ke kafa hujja da Bruce Lee yana kwatanta abubuwa biyu da ba su yi kama ba. Sinima wuri ne da ake zuwa a idon jama'a, sau ɗaya a mako, kuma a Kano ta dā ɗan mutunci yakan yi tunani kafin a gan shi a ƙofarta, mace kuwa ba a ma maganarta. Yanzu sinimar tana cikin aljihu, tana shiga ɗakin budurwa da ƙarfe biyun dare, uwa tana barci a ɗakin da ke kusa. Fim mai kashi 81 ba kallon dare ɗaya ba ne. Malaman makaranta suna kukan ɗalibai masu gyangyaɗi a aji, magidanta suna kukan tuwo da ya ƙone.

Suna kuma cewa batun kunya rabin gaskiya ne. Fim ɗin fada daban, na zamani daban. A fina-finan Koriya na birni da wuya a gama kashi ɗaya ba a zauna shan soju ba, giyar da ke cikin koriyar kwalba, ana gasa naman alade, ana nuna buguwa a matsayin hanyar huce haushi ko furta soyayya. Squid Game, wanda Netflix ya saki a 2021, kisa ne tsagwaronsa, an lulluɓe shi da wasannin yara, kuma yara sun kalla. A na Sinawa na tatsuniya akwai alloli da ke zaune a sama suna aure suna yaƙi, akwai mutuwa a sake dawowa a wani jiki, akwai sujada ga allunan kakanni. Malamin da ke koyar da tauhidi a Islamiyya yana da haƙƙin ya damu da abin da ɗalibinsa mai shekara tara yake kallo bayan an tashi. Akwai kuma wata illa da ba ta da hayaniya: jaruman Koriya kusan duk farare ne tas, sirara, fuska babu tabo, a ƙasar da ta yi suna wajen tiyatar gyaran fuska. Yarinya baƙa kyakkyawa da ke kallon wannan kullum, a garin da man bilicin ya riga ya zama annoba har hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023, ba ta buƙatar ƙarin mai gaya mata cewa launinta bai isa ba.

A nan masu adawa sun fi gaskiya fiye da yadda matasa ke son amincewa. Sai dai idan aka duba kukan da kyau, yawancinsa kukan waya ne da rashin mai sa ido, kuma zai tsaya daram ko da fim ɗin na Turkiyya ne ko na Legas. Wani kason laifin ma na gida ne. Fassarar da ake ɗora wa waɗannan fina-finai, sana'ar da ta bunƙasa da na Indiya a hannun kamfanoni irin su Algaita kafin ta bazu zuwa sauran, ba kullum take bin abin da aka faɗa ba. Wasu masu fassarar sukan cusa zagi da habaici da maganar banza da babu su a asali, don a yi dariya a ƙara saye. Uban da ya ji ɗansa yana maimaita wata ashar ya ɗora laifin a kan Sinawa, alhali a wani ɗaki a cikin gari aka ƙirƙire ta.

Batun abinci ma yana da nasa masu ƙorafin. Farin magi, wato Ajinomoto, wani masanin kimiyya a Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908, aka fara sayar da shi a 1909, kuma kamfanin yana da reshe a Najeriya tun 1991. An daɗe ana yaɗa jita-jita a kansa, cewa yana tsinka hanji ko yana rage ƙarfin namiji. Kwamitin masana na hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba shi tun 1987 bai same shi da haɗari ba a yadda ake amfani da shi a girki, kuma sinadarin da ke ba shi ɗanɗano shi ne dai ke cikin tumatir da daddawa. Ƙorafin da ke da tushe shi ne na gishiri, domin tukunyar da aka zuba wa gishiri da dunƙulen magi da farin magi a lokaci guda ba ta yi wa mai hawan jini adalci ba. Sai kuma na daddawar kanta, wadda 'yan mata da yawa a birni suke gudu saboda wari, alhali sana'ar matan karkara ce kuma dalilin da ya sa ake barin itacen ɗorawa a gona. Game da gidajen abincin Sinawa kuwa, tambayar halal tambaya ce ta gaskiya, ana kuma iya yin ta a samu amsa. Sin tana da Musulmi miliyoyi, da girkinsu na naman sa da rago, kuma fataken Kano da ke sauka a unguwar Xiaobei ta Guangzhou a gidajen abincinsu suke ci, su yi Juma'a a masallatai irin su Huaisheng, wanda yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi, wanda kuma aka fi yin shiru a kansa, na kuɗi ne. Furodusan Kannywood zai biya marubuci da darakta da 'yan wasa, ya yi hayar gida da kyamara, ya ciyar da mutum talatin na makonni, sannan ya kai wa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta duba. A 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda batun tantancewa. Shi kuwa fim ɗin Koriya da aka kashe wa miliyoyin daloli, ana sauko da shi daga intanet, a ɗora masa murya a ɗaki ɗaya, a tura shi waya dubu, yawanci ba tare da an biya masu shi ko sisi ba, kuma babu mai tambayar shekarun mai saye. Ɗan gida yana gasa da kayan da ba a saya ba, kuma shi kaɗai ake bincika. Wannan bai yi daidai ba ko ta wace fuska aka duba, kuma ba sai mutum ya ƙi baƙo ba kafin ya faɗi haka.

Kano tana da dalilin jin tsoron irin wannan gasa, domin ta gan ta a masaƙu. Atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari a daidai lokacin da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suke rufewa, marina suka koka, 'yan kasuwa suka koka. Amma ko a nan labarin yana da wuyar yanke hukunci: masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta ciyar da dubban iyalai tun 1964 kafin ta rufe a 2007, wani attajiri daga Hong Kong ne ya kafa ta, kuma rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri sun yi wa masaƙun illar da ba Basine ne ya kawo ta ba.

Sai bukukuwa da cibiyoyi. Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010, ta farko da ta buɗe a Afirka, inda ake koyar da harshe da taekwondo, ana shirya gasar rawa da girki da makon fina-finai. Sin ma tana da tata cibiyar a Abuja, tana bikin sabuwar shekararta, kuma sashen Hausa na rediyonta yana magana tun 1963. Kamfanin StarTimes na Sin ya kai tauraron ɗan'adam ƙauyuka a ƙarƙashin shirin ƙauyuka 10,000 na Afirka da aka sanar a taron Sin da Afirka na Johannesburg a 2015, yana kuma nuna wasannin Sinawa da aka mayar Hausa. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar wakilin 'yan ƙasarsa mazauna Kano. Masu maraba suna ganin dama ce: guraben karatu, harshen da zai yi wa ɗan kasuwa amfani, da shugaban da za a kira idan rikici ya taso. Masu adawa suna cewa gwamnati ba ta kashe kuɗi a banza, kuma abin da ta zaɓa ta nuna shi za a gani. Ba za a nuna wa mai kallo a Kano halin da Musulmin Uyghur ke ciki a Xinjiang ba, duk da rahoton da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2022. Gaskiya ne, kuma ya kamata mai zuwa biki ya tafi da wannan sani a ransa. Sai dai bai dace a haɗa ƙasashen a kwando ɗaya ba. Parasite, fim ɗin da ya ci kyautar Oscar huɗu a 2020, tonon asirin talaucin Seoul ne, iyali a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ruwan kwata ke malalowa ciki, kuma Koriya ba ta hana shi fita ba.

Abin da ɓangarorin biyu suka cika mantawa shi ne ƙasashen nan su ma sun yi irin wannan muhawara a gidajensu, kuma ba su tsaya a kan buɗe ƙofa ko rufe ta kawai ba. Koriya ta Kudu ta hana shigowar fina-finai da waƙoƙin Japan shekara da shekaru, sai a 1998 Shugaba Kim Dae-jung ya fara sassautawa. Ta wajabta wa sinimominta nuna fim ɗin gida kwana 146 a shekara, har zuwa 2006 da aka rage zuwa 73 saboda matsin cinikayya da Amurka. Sin har yanzu tana ƙayyade adadin fina-finan waje da ke shiga sinimominta. Amma kariyar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. A 1994 aka kai wa shugaban Koriya rahoton cewa kuɗin da Jurassic Park ya samu ya kai na sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi, daga nan gwamnati da manyan kamfanoni suka zuba jari a harkar, aka fara bikin fina-finai na Busan a 1996, aka horar da marubuta da masu ɗaukar hoto. A Kano kuwa, da gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, suka ta yi yawa har aka janye. Da yawa daga masu sukar su ne ke kukan fina-finan waje sun ɓata yara, kuma yaran ba su daina kallo ba, na wasu suke kalla.

Matakan da za a iya ɗauka ba su fi ƙarfin jiha ɗaya ba. Hukumar tacewa tana iya yi wa ɗakunan fassara rajista, ta wajabta a faɗi shekarun da suka dace da kowane fim da baki a farkonsa, tunda ba kowane uba ne ke karatu ba, ta kuma hukunta mai cusa batsa a fassara kamar yadda take hukunta ɗan Kannywood. Masu fassarar da suka ƙware suna iya neman lasisi daga masu fina-finan, su fita daga sahun masu satar fasaha. Cibiyoyin da ke Abuja kuma, duk lokacin da suka zo da makon fina-finansu, akwai buƙatar da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN da jami'o'in Arewa za su iya ajiye musu a tebur: a nuna na Hausa a can. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing da kuma Jami'ar Hankuk ta Koriya ta Kudu, saboda haka masu iya mayar da Kwana Casa'in ko Labarina zuwa Sinanci da Koriyanci suna nan.